Sunan da Take Amsawa

Litinin, da hantsi

Mun iso Gyeongju jiya da rana. Mota biyu muka canza, ba wanda ya tare mu. Matata, uwar Gihwan, ta yi barci a kafaɗata tun daga Andong. To ina ciwon? Wadda aka ce ba ta zama wuri ɗaya, ga ta nan ta zauna.

Na kashe waya, na cusa ta cikin safa. Gihwan ya yi ta kiran iska.

Gidan baƙin da muka sauka tsohon gini ne, ƙofofin takarda, ga bishiyar kanya a tsakar gida. Mai gidan, Uwargida Bang, ta dubi ledojinmu biyu da sandata, ta ce, "Baba, yaushe za ku koma?" Na ce sai mun gaji. Ta ce, "'Ya'ya sun san kun taho?" Na ce su suka sa mu a mota.

Ni Tak Mansul manomin barkono ne. Ban taɓa zama a aji ba sai da na haura saba'in, a ajin tsofaffi na zauren ƙauye. Malamar ta ce abin da ya tsaya maka a wuya ka rubuta shi. Rubutuna karkatacce ne, amma ban taɓa sa hannu a takardar da za ta fitar da mutum daga gidansa ba. Ɗana Gihwan mai digiri ya sa. Ina gona ya ɗauki uwarsa ya kai ta gidan jinyar tsofaffi. Ina gona.

Na je na ɗauko ta ba da saninsa ba. Nan Gyeongju aka haife ta. In ta ga garinsu kanta zai dawo daidai. Abin da ya kawo mu ke nan.

Talata, da yamma

A can sun aske mata kai kamar ɗan soja. Tsinken azurfar da take tufke gashi da shi tun ranar da aka kawo mini ita, oho. Na ɗaura mata ɗankwali.

A nan tebur ɗaya ake karyawa, kowa da kowa, kamar gidan makoki. Baƙi biyu ne masu daɗewa. Akwai Chu, tsohon mai rabon wasiƙu, ya yi ritaya ya hau keke wai zai zagaye ƙasa, gwiwa ta kumbura ta ajiye shi a nan. Wandonsa matsattse kamar fatar kwaɗo. Akwai kuma Yunhi, mace ce ta haura arba'in, ta bar aiki a Seoul ta zo ta yi wata guda, wai tana hutawa. Hutawa daga me? Ban tambaya ba.

Ko zama ban gama yi ba Chu ya ce, "Dattijo, shekarar wace dabba ce taka?"

Na ce doki. Kowace shekarar haihuwa da dabbarta, da haka ake gane wa ya girmi wa.

Ya ce, "Kai! Ni biri ne, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Ashe na samu yaya. Yaya, miƙo mini kimchi, kabejin nan mai yaji."

Na ce, "Saura kaɗan in haife ka, wane irin yaya?"

Ya ce, "To saura kaɗan ɗin nan ne ya cece ni."

Suka yi dariya har da Uwargida Bang. Uwar Gihwan ma ta yi, ta rufe baki da hannu kamar yadda take yi da. Na gani da idona. Da Gihwan yana nan da ya gani.

Laraba, da rana tsaka

Mun je neman gidan ubanta. Babu gida. Babu lungun, babu rijiyar, babu mai dakan shinkafa na kan kwana. Duk an kwashe, sai ciyawa da tuddan kaburburan sarakuna, an aske su tas, yara suna ɗaukar hoto. Da can gidajen mutane a jikin tuddan nan suke, har kabewa ake shukawa a gindinsu.

Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo ta ce mini, "Malam, don girmanka, ina ne hanyar gidanmu?"

Tsokana ce. Da ma can tana da tsokana.

Alhamis, da safe

Zaren buhu ne kawai, daga wuyan hannuna zuwa nata, don in ta motsa in ji. Wannan ba ɗaurewa ba ce. Su a can da gado suka haɗa ta. Ni da mutum na haɗa ta.

Jumma'a, da hantsi

Muna cin abinci sai duk wayoyin da ke kan tebur suka ɗauki kuka lokaci guda. Cokalina ya faɗi cikin miya. Yunhi ta duba ta ce sanarwar 'yan sanda ce, wani tsoho ya ɓace a wajen kasuwa, mai baƙar hula. Ba mu ba ne. Amma na ɓoye hannuna ƙarƙashin tebur.

Da na fito Chu yana zaune a dakali yana shafa wa gwiwa magani. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, ranar da na ratsa Andong ma haka wayata ta yi kuka. Wai tsoho da tsohuwa. Wai tsohon yana da tabon ƙuna a hannun dama."

Na sa hannu a aljihu. Na ce, "To?"

Ya ce, "To ba komai. Ni ba tabarau ko lambar gida ba na gani. Shi ya sa suka sallame ni."

Na ce labule ne kawai ya ci wuta. Labule ɗaya da gefen kabad. Kowace mace tana mance tukunya a kan wuta.

Ya ce, "Ban tambaya ba, Yaya."

To me ya sa ya faɗa? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai labari ƙofa-ƙofa, ka ce zai iya riƙe wannan?

Asabar, da yamma

Motar 'yan sanda ta wuce ta bakin lungu, a hankali. Ba ta tsaya ba. Ban fita ba yau.

Lahadi, da la'asar

Ta ƙi wanka. Ta ce ba za ta tuɓe gaban namijin da ba ta sani ba. Yunhi ta ji hayaniyar ta leƙo, ta ce, "Baba, bar mini Inna." Na ce ba a neman taimako. Ta ce, "Na sani. Ruwan zafi ne ba na so ya huce." Ta ja ta suka shiga.

Na zauna a waje kamar baƙo a gidan surukai. Ina jin su suna dariya.

A ƙauyenmu ba a kiran mace da sunanta. Garin da ta fito shi ne sunanta. Tun ranar da ta shigo ta zama 'Yar Gyeongju, da ta haihu ta zama uwar Gihwan. Sunan takarda, Seol Bunok, na asibiti ne da ranar zaɓe. Ni ban taɓa sa shi a bakina ba, kunya ma ba za ta bari ba. Yanzu na kira 'Yar Gyeongju, shiru. Na kira uwar Gihwan, sai ta waiwaya ta ga wa ake kira.

Kunne ne. Duk danginsu suna kurumcewa da wuri.

Litinin, da hantsi

Yunhi tana taje mata ɗan gashin da ya fara tsirowa, a rana, gindin kanya. Ina gefe ina gyara sanda. Sai na ji ta ce, a hankali kamar mai lallashin kaza, "Inna, ke kuwa yaya sunanki?"

Ta ce, "Sopsobi."

Wuƙar ta kusa yanka ni.

Sau ɗaya na taɓa jin sunan nan, ranar ɗaurin aurenmu, daga bakin ubanta. Ita ce mace ta biyar a jere, ba namiji. Da aka gaya wa uban, sai ya ce abin takaici, sunan ya bi ta. Ma'anarsa ke nan, Takaici. A hanyarmu ta zuwa ƙauye na ce mata wannan suna ya tsaya a Gyeongju, ba zai hau dutse da mu ba. Bai hau ba. 'Ya'yanta ma ba su san shi ba.

Yunhi ba ta san komai ba. Ta yi murmushi ta ce, "Sopsobi, ga shayi."

Tsohuwar da sai na kama ta take tashi, sai ga ta tsaye zumbur. Kofin ya faɗi ya fashe.

Yunhi ta ce, "Baba, ka gani? Ta amsa! Tana ji!"

Na ce kada in sake jin wannan a bakin kowa.

Ta ce, "Amma Baba, shi ne kaɗai..."

Na ce, "Ke 'yar Seoul, uwarki ce ko matata?"

Ta duƙa ta tsince fasasshen kofin. Daga baya Uwargida Bang ta gaya mini uwar tata ta rasu a bazara. To ni na sani? Wa ya gaya mini? Kowa sai ya ɓoye abu, in na taka a ce tsoho ba shi da baki.

Talata, da yamma

Na sayo burodin jan wake na ajiye a ƙofar Yunhi. Ban ce ni ne ba.

Laraba, da rana

Ba ta ci ba. Ta ce za a yi mata faɗa in ta ci kafin maza.

Alhamis, da safe

Ta cije ni a wurin ƙunar. Ba da gangan ba. Zaren ne ya dame ta.

Chu ya ga hannun ya ce, "Yaya, amarya ce haka da zafi?" Ban yi dariya ba. Shi ma da ya duba da kyau ya daina. Ya ce, "Yaya, yaushe rabonka da barci?" Na ce manomi ba ya barci da kaka. Ya ce, "Barkonon naka wa ke tsinka?" Na ce ya kula da gwiwarsa.

Barkonon yana can yana ruɓewa a tsaye. Gihwan bai san ko ina gonar ta tsaya ba.

Asabar, da hantsi

Jiya ban rubuta ba. Yau zan rubuta, don kada a zo a juya maganar.

Bayan abincin rana ƙasan ɗakin ya yi ɗumi. Ta ce zaren yana mata zafi, na kwance. Na ce bari in jingina da bango kaɗan. Jingina kawai na yi.

Da na buɗe ido rana ta karkata. Takalmanta suna nan a kan dutsen bakin ƙofa, a jere da nawa. Ita babu. Na duba bayan gida, na duba kicin, na duba bayan tulunan miya. Ƙofar waje a buɗe.

Ban ɗauki sanda ba. Na bi lungu na faɗa titin kasuwa ina kira iya ƙarfina, "'Yar Gyeongju! 'Yar Gyeongju!" Matan da ke zaune da kayan miya duk suka ɗago. Wata mai kifi ta ce, "Baba, wacce daga ciki? Duk nan 'yan Gyeongju ne, zaɓi ɗaya!" Suka kwashe da dariya. Na tsaya a tsakiyar titi. Shekara hamsin da ɗoriya ina kiran matata da suna, ashe a garinsu ba suna ba ne.

Da suka ga fuskata suka daina. Mai kifin ta ce, "Wayyo, tsohuwa ce ta fita? Yaya sunanta?" Wanne zan ba ta? Na juya gida.

Da na koma Uwargida Bang ta riga ta kira 'yan sanda. Na ce wa ya sa ki? Ta ce, "Baba, ka zage ni gobe. Yau ba takalmi a ƙafarta, kuma sanyi na sauka." Ta ce in ba da sunan takarda. Na bayar. Ba a jima ba wayoyin gidan suka ɗauki kuka, wannan karon namu ne. Na san kukan zai kai kunnen Gihwan.

Chu ya hau keke da kumburarriyar gwiwa ya yi wajen rafi. Ni da Yunhi muka yi wajen tuddai. Masu yawo suna kallon waya suna kiran Seol Bunok, Kaka Seol Bunok. Su kira har gobe. Ita ba ta san wannan matar ba.

Rana ta sauka bayan tuddan, inuwarsu ta haɗe. Chu ya dawo yana haki, ya ce rafi ya cika saboda ruwan shekaranjiya, amma bai ga kowa ba. Yadda ya faɗi "amma" ɗin ban so ba.

Yunhi ta kama hannun rigata. Ta ce, "Baba. Ka kira."

Na ce a'a.

Ta ce, "In ba za ka kira ba ni zan kira, ka kashe ni daga baya."

Na ce muryarki ba ta kai ba.

Na juya wajen da gidan ubanta yake da. Na cika ƙirji. Muryar da nake kiran mutum da ita daga wannan dutse zuwa wancan, ita na sa.

Sunan nan, sau biyu na kira.

Doguwar ciyawar da ke bayan ƙaramin tudu ta motsa. Ta fito da sauri-sauri, kai a sunkuye, safa duk laka. Ta zo gabana ba ta dube ni ba. Sai ta duƙa ta naɗe ƙafar wandonta har gwiwa, wannan da wannan, ta juya mini baya, ta tsaya ƙafa a haɗe, yadda yaro ke tsayawa in za a zane shi a sharaɓa.

Ta ce, "Baba, na ɗebo ruwan. Tulun ne ya yi nauyi. Baba, kaɗan za ka yi."

Ƙafafun nan kamar tsinke. Ubanta take gani, ba ni ba.

Chu ya juya baya yana gyara sarƙar keken da ba ta lalace ba. Yunhi ta durƙusa ta sauke mata wandon. Ni na goya ta. Ban san ina da ƙarfin ba. Tana bayana tana cewa ba za ta sake ba.

Asabar, da yamma

Gihwan yana hanya. Uwargida Bang ce ta amsa wayar.

Na tara su uku a kicin. Na ce abin da kuka ji jiya ba ku ji ba. Uwargida Bang ta ce, "Baba, ai abin amfani ne. In a can suka sani, ba sai sun sha wahalar ba ta magani ba." Na ce shi ya sa. Da safe a kira ta da shi ta tashi, da rana a kira ta da shi ta haɗiye ƙwaya, da yamma a kira ta da shi ta kwanta. Kullum tana naɗe wando.

Chu ya zuba mini giyar shinkafa da hannu biyu. Na sha. Na zuba masa.

Lahadi, da la'asar

Ya zo da hantsi. Na shirya masa maganganu tun daga Andong, amma da ya shigo sai na ga ya rame, gemu ya fito masa da furfura. Yaushe yaron nan ya yi furfura? Ya durƙusa gaban uwarsa ya kama ƙafafunta da suka sha ƙaya, ya yi ta kuka. Ita tana shafa kansa tana cewa, "Malam, wa ya mutu?"

Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Yaya aka yi kuka same ta?"

Chu ya ce, "Da kanta ta fito, ɗana. Yunwa ce ta koro ta."

Muka zauna a dakali. Ya ce, "Baba, na gaji da faɗa da kai. Kai ka ce tana jin maganarka, mu ne ba mu iya ba. To ga ta can gindin bishiya. Ka kira ta. In ta juyo ta zo wurinka, na rantse yau zan kai ku gida, in nemo mai zuwa taya ku da rana, ba zan sake maganar can ba. In ba ta zo ba, ka bar ni in yi abin da zan iya."

Yaron nan bai taɓa rantsuwa ya saɓa ba. Wannan a wurina ya ɗauka.

Tana tsaye tana kallon kanya, ta ba mu baya. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Na ce, "Uwar Gihwan."

Na ce, "'Yar Gyeongju."

Na gyara murya. Na ce, "Bunok." Yau na fara faɗinsa. A gaban ɗana, a gaban baƙi. Kunnena ya yi zafi. Tsuntsu ya sauka a kan reshe, shi ta bi da kallo.

Gihwan ya ce, "Baba, akwai saura?"

Uwargida Bang ta ja numfashi za ta yi magana. Yunhi ta miƙa mata kwanon da ke hannunta ta ce, "Uwargida, riƙe mini." Ta riƙe.

Yana nan a kan harshena. Gida, ɗakinmu, gonar, duka suna kan harshena. Kira ɗaya.

Na ce, "Babu saura."

Yunhi ce ta sa ta a mota, ta lulluɓe mata gwiwa da mayafinta. Gihwan ya ce in shiga gaba. Na ce da ƙafata na zo. Da motar za ta tashi sai uwar Gihwan ta sunkuyar da kai ta bayan gilashi, ta gaishe ni gaisuwar girmamawa, ta ce, "Malam, mun gode da masauki."

Na sunkuya na amsa. Me zan yi?

Litinin, da safe

Zaren yana hannuna da na farka. Ban tuna na ɗaura ba.

Talata, da hantsi

Yau zan tafi. Chu ya ce zai raka ni tasha, wai kada yayansa ya ɓace a ce biri ne ya sayar da doki. Na ce ya raka gwiwarsa asibiti. Yana nan dai yana jira a ƙofa da ledojina a kan keke.

Ran Lahadi ake barin baƙi su shiga gidan jinyar. Zan je da kanya.

Ba masu tsawar nake tsoro ba. Masu tsawa ba sa tambayar kowa komai. Amma cikin ma'aikatan akwai wata ƙaramar yarinya mai sanyin murya, na gan ta ranar da na je ɗauko ta, tana yanke wa wata tsohuwa farce tana yi mata hira. Mai kirki ce, daga gani. Wata rana za ta zaunar da ita a rana, ta ɗauko mataji, ta tambaye ta a hankali yaya sunanta.

Kuma za ta faɗa.